Koyon sana'ar wanke jikin gine-gine: a hannun maigida, a gajeren kwas, ko a makarantar sana'a?

Mutumin da ya ƙudiri aniyar riƙe wanke jikin gine-gine da daɓen harabobi a matsayin sana'a yakan fara da tambayar wane inji zai saya, alhali kuwa akwai tambayar da ta riga wannan, wato a ina zai koyi aikin, kuma a hannun wa. Hanyoyi uku aka fi bi. Akwai zama a ƙarƙashin wani maigida da ya daɗe yana aikin, ana binsa wurin aiki ana ja masa mesa har hannu ya faɗa. Akwai gajeren kwas na kwana ɗaya zuwa mako guda, wanda ƙungiyoyin masu sana'ar ko kamfanonin da ke sayar da injuna da sinadarai suke shiryawa. Akwai kuma doguwar koyarwa ta shekaru, wadda ake haɗa zaman aji da aikin hannu a cikinta. Ban da waɗannan akwai takardun shaidar aiki a sama, waɗanda mutane da yawa suke ɗauka a matsayin hanya ta huɗu, ko da yake a ganina al'amari ne dabam da ya cancanci nasa lissafin.

Ma'aunin da ya fi dacewa a gwada hanyoyin nan da shi shi ne irin kuskuren da kowacce take kare mutum daga gare shi, domin kurakuran wannan aiki iri biyu ne. Akwai wanda yake faɗa wa gini: fenti ya ɗaye, katako ya lalace, gilashi ya dushe, simintin da ke tsakanin bulo ya zube. Irin wannan ana ganinsa, ana jin kunyarsa, a biya diyya, gobe a gyara hannu. Akwai kuma wanda yake faɗa wa jikin mai aikin ko na mai wucewa ta ƙasa, kamar faɗowa daga sama, ko shaƙar iska mai guba, ko jan lantarki, kuma wannan sau da yawa ba ya barin mutum ya koyi darasi daga gare shi. Ilimin da ke maganin kuskure na farko ana iya tara shi a hankali ta hanyar gwaji, amma na biyun dole ne ya shiga kan mutum kafin ranar da zai fara danna kunamar bindigar feshi.

Abin da maigida nagari yake bayarwa ba a samunsa a takarda, kuma a nan ne gani ya kori ji. Ɗan koyo zai ga yadda ake riƙe bindigar feshi da hannu biyu, ƙafafu a ware, saboda ruwan yakan tura hannu baya da zarar an sake shi. Zai ga ana farawa daga nesa sannan a matso a hankali har a sami tazarar da take ɗauke datti ba tare da ta ci jikin abin ba, kuma kowane layin feshi yana hawa kan wani ɓangare na wanda ya gabace shi. Wanda bai iya wannan ba yakan bar wurin yana murna tun kankaren yana jiƙe, sai bayan ya bushe a ga zane-zane, wani layi fari wani duhu, daga bakin ƙofa har zuwa titi. Haka kuma a kan katako: idan aka matso da yawa, ko aka gitta wa jijiyarsa, sai ya tashi ya yi gashi-gashi, babu abin da zai mayar da shi sai an goge da takardar yashi. A wurin maigida ne ake koyon cewa sinadari daga ƙasa ake fara shafa shi a yi sama, ɗauraya kuwa daga sama ake fara ta a yi ƙasa, domin idan sinadarin ya gangaro kan busasshen bango mai datti yakan bar sawun da yake da wuyar fita. A nan ne kuma ake koyon kada a bar shi ya bushe a jikin bangon da rana ta gasa, a jiƙa shuke-shuken da ke gindin bango da ruwa kafin aiki da bayansa, a kuma fara gwada ɗan ƙaramin wuri a lungun da ido ba ya kaiwa kafin a taɓa fuskar ginin.

Har kunne ma yana samun horo a wannan hanya. Wanda ya daɗe kusa da inji yana gane sauyin ƙararsa idan ruwan da ke shiga famfonsa ya yi kaɗan, ya kuma san cewa barin inji yana aiki na tsawon lokaci ba tare da an saki ruwa ba yana sa ruwan da ke zagayawa a cikinsa ya yi zafi ya lalata robobin famfon. Sannan akwai ɓangaren kasuwanci, wanda kwasa-kwasai kaɗan ne suke taɓa shi da gaske: yadda ake duban gini a ƙiyasta kwanakin da zai ci, da yadda ake gaya wa mai gini tun kafin a fara cewa tsatsar da ta ratsa dutse ko man injin da ya shekara a kan daɓe ba lallai ne su fita gaba ɗaya ba.

Sai dai maigida abin da ya sani kawai zai koyar, tare da duk wata mummunar ɗabi'ar da ya saba da ita, kuma hujjarsa a kullum ita ce ya shekara da shekaru yana yi babu abin da ya same shi. Idan aka matsa masa da maganar kariya sai ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Matsalar wannan hujja ita ce masu faɗarta su ne waɗanda suka tsira; wanda ya faɗo daga tsani ya karya ƙashin baya ba ya nan ballantana ya koyar da kowa. Maigidan da bai taɓa ganin ruwan feshi ya huda fatar mutum ba ba zai iya bayyana haɗarinsa ba, wanda kuma bai san rufin asbestos ba, wato rufin siminti mai zaruruwan da ke cutar da huhu, zai hau shi da inji kamar kowane rufi. Bayan haka, mutum zai iya shekara 3 a ƙarƙashinsa ya fita ba shi da ko takarda guda da zai nuna wa babban kamfani ko kamfanin inshora.

Wannan giɓin ne gajeren kwas mai kyau yake cikewa, saboda haka ya kamata a dubi abin da ke cikinsa dalla-dalla. Ƙarfin ruwa ana auna shi da bar. Iskar tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce bar 2 zuwa 3 ba, injin feshi na gida kuwa yakan kai bar 100 zuwa 150, na masu sana'a kuma yakan kai 200 ko fiye, alhali ruwan da ya kai kimanin bar 7 kacal yana iya huda fatar mutum idan ya fito ta siririn baki. Raunin da yake yi yaudara gare shi: a waje ɗan ɗigo ne kamar sukar allura, da farko ma ba ya zafi sosai, amma a ciki ruwan ya riga ya tura datti da ƙwayoyin cuta ya bi da su tsakanin nama da jijiyoyi. Magani shi ne a garzaya asibiti nan take, a gaya wa likita ainihin abin da ya yi raunin domin likitan tiyata ya duba, tun da jinkiri yana iya kai wa ga yanke yatsa ko hannu. A kwas ne ake bayyana ma'anar launukan bakin feshi da aka saba gani: ja yana fitar da ruwa a tsaye ba tare da ya baje ba, rawaya yana bajewa digiri 15, kore 25, fari 40, baƙi kuma na zuba sabulu ne da ƙaramin ƙarfi. Jan nan shi ne mafi haɗari, kuma da wuya a sami aikin jikin gini da yake buƙatarsa. A nan ne kuma ake koyar da cewa yawan litar ruwan da inji ke fitarwa a minti ɗaya ya fi tasiri a saurin aiki fiye da yawan bar ɗin da aka rubuta da manyan haruffa a jikin kwali.

Darasin sinadarai ya fi wannan nauyi. Yawancin baƙin da kore-koren da ake gani a jikin bango gansakuka ne da funfuna, abubuwa masu rai, kuma ƙarfin ruwa saman su kawai yake kankarewa, ba da daɗewa ba su dawo. Shi ya sa masu sana'ar da yawa suka koma wankin da ake yi da ruwa marar ƙarfi tare da bilic, wanda yake kashe su tun daga tushe. To amma bilic ɗin da ake sayar wa masu sana'a yakan kai kashi 10 zuwa 15 cikin 100, ninki biyu ko uku na wanda ake wanki da shi a gida, kuma idan ya haɗu da asid yana fitar da iskar kulorin, idan ya haɗu da amoniya ma yana fitar da wata iskar mai ƙona huhu. Ba sai an zuba su a bokiti ɗaya da gangan ba. Ya isa a wanke tsatsa da asid a wani ɓangaren daɓe, ruwan ya gangara ya tarar da na bilic a bakin magudana. Asid yana cinye mabul da duk dutsen da asalinsa farar ƙasa ne, soda mai ƙarfi tana cin alminiyom, wani asid kuma da ake kira haidirofulorik, wanda ake samu a cikin wasu magungunan wanke bulo da giranit, yana dusar da gilashi, yana kuma ratsa fata ya shiga jiki ya kama sinadarin kalsiyam, wani lokaci ba a jin zafinsa sai bayan sa'o'i. Duk wanda zai taɓa shi dole ne ya kasance da man shafawa na kalsiyam gulukonet a kusa, ya kuma san cewa shafa man ba ya hana zuwa asibiti.

Babu mai iya haddace halin kowane sinadari, saboda haka abu mafi amfani da kwas yake bayarwa shi ne iya karanta takardar bayanin haɗari da take zuwa da kowane sinadarin sana'a. Tsarinta ɗaya ne a ƙasashen da suke bin ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya, sashe 16 ne da ita: na 4 yana bayanin taimakon gaggawa, na 7 yadda ake riƙewa da ajiyewa, na 8 kayan kariyar da ake buƙata, na 10 kuma abubuwan da bai kamata a haɗa shi da su ba. Mutumin da ya saba buɗe waɗannan sassa huɗu kafin ya buɗe jarka ya riga ya wuce da yawa daga cikin waɗanda suka girme shi a aikin.

Sauran abubuwan da kwas yake kawowa gajeru ne amma kowanne rai ne. Injin fetur ba a kunna shi a rufaffen wuri, kamar garejin ƙarƙashin ƙasa, domin hayaƙinsa yana ɗauke da iskar nan marar wari da take kashe masu kwana da janareta a ɗaki. Injin lantarki kuwa sai an haɗa shi ta na'urar da ke katse wuta da kanta idan ta fara zurarewa. Rufin da aka yi da siminti mai asbestos ba a fesa masa ruwa mai ƙarfi, saboda zaruruwansa suna fita cikin ruwan, idan ya bushe su zama ƙurar da take haddasa sankarar huhu bayan shekaru masu yawa, ga shi kuma rufi ne mai saurin burmawa da mutum. Tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma. Amurka ma sai a 1978 ta hana sa ta a fentin gidaje, wasu ƙasashen kuwa sun daɗe bayan haka ba su hana ba. Busasshen kashin tsuntsaye yana ɗauke da cututtukan huhu, don haka jiƙa shi ake yi a kwashe, da takunkumi a fuska. Akwai kuma maganar inda ruwan wankin yake zuwa, tun da magudanar ruwan sama a wurare da yawa kai tsaye take zubawa cikin rafi ba tare da an tace ba, kuma a Amurka dokar tsabtar ruwa ta 1972 ta sa zuba irin wannan ruwa a cikinta yana iya jawo tara.

Raunin gajeren kwas shi ne ba duka ne suke amsa sunansu ba. Wanda mai sayar da kaya ya shirya yakan karkata zuwa ga kayansa, har ɗalibi ya fita yana zaton kowane irin datti maganinsa yana cikin jarkar kamfanin nan. Wanda ake yi ta intanet yana iya isar da darasin sinadarai da na doka yadda ya kamata, amma ba zai sa bindigar feshi a hannun kowa ba. Ya kuma kamata a bambance takardar halarta da takardar cin jarrabawa, domin ta farko shaida ce kawai cewa mutum ya zauna a kujera. Katin kwas ɗin sa'a 10 na OSHA, hukumar kula da kariyar ma'aikata ta Amurka, misali ne mai kyau: yana da amfani, masu ɗaukar aiki da yawa suna nemansa, amma wayar da kai ne kan haɗurran wurin aiki gaba ɗaya, ba lasisin wata sana'a ba ne. Ko kwas ɗin da ya fi kowanne kyau ba zai ba mutum hannu cikin kwana 3 ba, kuma wanda ya fito daga cikinsa ya nufi gidan mutane da sabon inji shi kaɗai, a kan bangon wani zai yi koyon da ya kamata ya yi a gaban maigida.

Doguwar koyarwa ita ce take ƙoƙarin haɗa biyun, kuma Jamus ce misalin da ya fi fitowa fili. A can tsabtace gine-gine sana'ar hannu ce da hukuma ta amince da ita, ana koyonta shekara 3, ɗan koyo yana raba lokacinsa tsakanin kamfanin da ya ɗauke shi da makarantar sana'a, ana biyansa alawus, a ƙarshe ya zauna jarrabawar aji da ta aikin hannu. Wanda ya bi wannan hanya yana fita da sanin kayan gini da sinadarai mai zurfi. Abin lura shi ne babban kaso na karatun ya shafi cikin gini, wato daɓe iri-iri da gilashi da tsabtace asibitoci, saboda haka wanda burinsa wanke harabobi da bangon waje kaɗai ne zai kashe lokaci mai yawa a kan abin da ba zai yi aiki da shi ba. Ba kowace ƙasa ce ma take da irin wannan tsari ba.

Inda doguwar koyarwa ba ta da madadi shi ne tsofaffin gine-gine na dutse da jan bulo. Bulon da aka gasa yana da tauri a fatarsa, idan aka kankare fatar nan da yashi ko da ruwa mai ƙarfi sai cikinsa mai laushi ya fito fili ya riƙa shan ruwa yana marmashewa, kuma babu gyara. Farin gishirin da ke fitowa a jikin bulo da busasshen buroshi ake kawar da shi, domin ruwa narkar da shi yake yi ya mayar da shi ciki, ya sake fitowa bayan kwanaki. Masu wannan fanni sun fi aiki da ruwa mai tsananin zafi, har zuwa digiri 150 a ma'aunin Selsiyus, a ƙaramin ƙarfi, ko da garin dutse mai laushi da ake fesawa a hankali, kuma Birtaniya tana da ƙa'ida ta musamman a kan haka mai lamba BS 8221. Feshin yashi na gargajiya kuwa, ban da ɓarnar da yake yi wa gini, ƙurarsa tana haddasa cutar huhu ta silikosis wadda ba ta warkewa, har NIOSH, cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, ta ba da shawarar a daina amfani da yashin silika a wannan aiki tun 1974.

Maganar aiki a sama ita ce wadda na ce tana da nata lissafin, kuma a nan ban ga wurin jayayya ba: ba a koyonta a hannun maigida kaɗai. Dokar aiki a sama da Birtaniya ta kafa a 2005 ta jera matakai da suka dace da ko'ina: a guji hawa idan aikin zai yiwu daga ƙasa, idan hawan ya zama dole a yi amfani da abin da zai hana faɗowa, idan hakan ma bai samu ba a rage nisan faɗuwar da illarta. Tsani yana can ƙarshen layi. Ana jingina shi a kusurwar digiri 75, wato a ja gindinsa baya mita 1 ga kowane mita 4 na tsayi, don ɗan gajeren aiki da bai wuce rabin sa'a ba, kuma ana son mai hawa ya kasance yana riƙe da shi ta wuri uku a kowane lokaci. Bindigar feshi tana buƙatar hannu biyu, tana kuma tura mutum baya, ga ƙasa a jiƙe da sabulu, saboda haka haɗa ta da tsani kuskure ne ko da an saba ganin ana yi.

Matakin farko na dokar nan, wato gujewa hawa, shi ne mafi arhar koyo. Doguwar sanda mai buroshi da ake tura tataccen ruwa ta cikinta tana wanke gilashi da allunan jikin gini har hawa da dama mutum yana tsaye a ƙasa, ruwan kuma yana bushewa ba tabo saboda an cire masa gishirin da ke ciki. Babban haɗarinta wayoyin lantarki ne, domin sandunan da aka yi da zaren kabon suna ɗaukar wuta. Sama da wannan akwai hasumiyar ƙarfe mai taya da ake haɗawa a wurin aiki, wadda PASMA, ƙungiyar masu irin wannan hasumiya a Birtaniya, take koyar da haɗa ta a kwana ɗaya ta ba da kati mai aiki shekara 5. Sai injin ɗaga mutum mai kwando, wanda IPAF, ƙungiyar masu irin wannan inji da aka kafa a 1983, take ba da katin sarrafa shi, shi ma na shekara 5, kuma kowane rukunin inji da nasa horon, ta yadda wanda ya koyi mai tashi tsaye bai sami izinin hawa mai dogon hannu ba. Ga mafi yawan masu wanke gine-gine marasa tsayi sosai, katin nan ya fi takardar igiya amfani nesa ba kusa ba.

Aikin igiya, wato mutum ya sauko jikin gini yana rataye da igiya daga samansa, shi ne ya fi jan hankalin matasa, kuma shi ya fi tsauri. Ƙungiyar IRATA, wadda ta samo asali a Birtaniya a ƙarshen shekarun 1980 daga ayyukan haƙar mai a teku, tana da mataki uku. Horon kowane mataki aƙalla kwana 4 ne, sannan kwana ɗaya na jarrabawa a gaban mai jarrabawar da ba shi ya koyar ba. Kafin a wuce daga mataki zuwa na gaba sai an cika sa'a 1,000 ta aiki a kan igiya da kuma aƙalla wata 12, takardar kuma tana ƙarewa bayan shekara 3. Takwararta ta Arewacin Amurka, SPRAT, tana neman sa'a 500 da wata 6 tsakanin matakai. Dukansu sun ginu a kan igiya biyu, ta aiki da ta tsaro, kowacce da nata maɗauri, tare da shirin ceto, domin mutumin da ya suma yana rataye a cikin ɗamara yana iya mutuwa idan ba a sauko da shi da wuri ba. Abu biyu ne masu sha'awar wannan hanya ba su cika sani ba. Na farko, a tsarin IRATA mai mataki na ɗaya ba ya aiki sai ƙarƙashin kulawar mai mataki na uku, don haka takardar ƙofar shiga kamfani ce, ba ta buɗe nasa kamfanin ba. Na biyu, kwas ɗin yana koyar da yadda za a isa jikin bango ne a dawo lafiya, ba ya koyar da abin da za a yi wa bangon, kuma sanin sinadarai yana nan yana jiran mutum a can sama, tun da asid da bilic suna raunana igiyar nailan ba tare da lallai an ga alama a ido ba.

Idan aka ɗora wannan duka a kan mutum guda, zaɓin yana bin irin aikin da yake nufi. Wanda yake son ƙaramin kasuwancinsa na wanke daɓe, katanga da gidaje masu hawa ɗaya ko biyu, abin da ya fi masa shi ne ya fara da gajeren kwas mai jarrabawa a kan sinadarai da injin feshi, tare da horon taimakon gaggawa, sannan ya je ya zauna da maigida na wasu watanni. Jerin yana da muhimmanci: wanda ya fara da kwas yana isa wurin maigida da idon da zai tace abin da yake gani, ya ɗauki gwanintar ya bar gangancin, wanda kuwa ya fara da maigida yakan iso aji ɗabi'un sun riga sun zauna masa. Wanda yake neman aiki a babban kamfani ya fara tambayar katunan da kamfanonin yankinsa suke nema kafin ya biya kuɗin kowane kwas, domin wasu kamfanonin su suke ɗaukar nauyin horon bayan sun ɗauki mutum, kuma katin da ake girmamawa a wata ƙasa yana iya zama ba a san shi ba a wata. Mai burin dogayen benaye ya yi shekara guda a ƙasa tukuna, saboda hannun da bai iya wanke bango yana tsaye a kan ƙafafunsa ba ba zai iya yana lilo a hawa na 20 ba. Mai sha'awar tsofaffin gine-gine kuwa ba shi da gajeriyar hanya.

Kafin a biya kuɗin kwas, a tambayi masu shi wace hukuma ko ƙungiya ce ta amince da takardarsu, ko akwai jarrabawar da ake iya faɗuwa, sa'a nawa ɗalibi zai yi da inji a hannunsa, mutum nawa ne a kan malami ɗaya, da kuma ko mai koyarwar yana sayar da kayan da yake koyarwa a kansu. Maigida kuwa ba a yi masa tambayoyi, zuwa ake yi wurin aikinsa a tsaya a gefe a duba: ko yaransa suna sanye da tabaran kariya da safar hannu da takalmin da ke rufe ƙafa, ko jarkokinsa suna da suna a jiki ko kuwa an juye sinadari a gorar ruwan sha, ko ya killace ƙasan inda ake aiki saboda masu wucewa, ko yana gwada ƙaramin wuri kafin ya fara. Duk hanyar da aka bi, a buɗe littafi tun ranar farko a riƙa rubuta kwanan wata, irin ginin, sinadarin da aka yi amfani da shi da yawan ruwan da aka sirka shi da shi, da sa'o'in da aka yi, mai kula da aikin ya sa hannu. Masu aikin igiya dole ne su yi haka domin da shi ake ƙirga sa'o'insu, sauran kuma da shi za su nuna wa mai ɗaukar aiki ko kamfanin inshora abin da suka taɓa yi, a shafin farko kuma a rubuta ranar da kowane kati zai ƙare domin a nemi sabuntawa tun da sauran watanni.